Haƙorin Baba Sito

Talata, 3 ga wata

Zuwa ga 'yar goggona, Injiniyar dangi,

Gaisuwa mai nauyi, wadda in aka ɗora ta a motar Direba sai tayar baya ta kwanta. Ina fata kina lafiya, ke da Goggo. Ki gaya mata ƙaninta, wato babana, ciwon ƙafarsa ya lafa har ya koma yi wa kowa faɗa, alamar sauƙi ya samu ke nan. Inna ma lafiya lau, tana gaishe ku.

Bayan haka, kin ce duk abin da na gani a na'urar nan in rubuta a takarda in ba Direba, wai in a waya ne shiririta nake yi miki har kati ya ƙare. To ga shi na rubuta. Ki yi haƙuri da hannuna. Kin san allo kaɗai na yi, bokon nan a jikin kwalaye na tsince shi.

Yau sati uku ke nan da kika zo kika dasa mana bishiyarki a kwamfutar sito. Ni dai ban taɓa ganin bishiyar da saiwarta ke sama rassanta na ƙasa ba sai taki. Can ƙoli an rubuta Sito. In na taɓa 'yar alamar da ke gefe sai ta buɗe: injin ban-ruwa, injin niƙa, janareta. In na buɗe ban-ruwa, ga boris, ga bel, ga sil, robar nan mai hana ruwa yoyo. In na buɗe sil sai 'ya'yanta su zubo lamba-lamba. Kwana biyun farko haka na dinga bin ta reshe-reshe kamar biri, mai saye na tsaye yana tsaki. Yanzu na gane ɗan gurbin nema da ke sama. In rubuta sunan abu, in danna, sai takarda ta fito da layi kaza, hawa kaza, akwati kaza, in miƙa wa Baba Sito, tsohon da ke kula da kaya, ya shiga ciki ya ɗauko.

Shi Baba Sito har yau bai shirya da ita ba. Malama yake kiranta. Mai saye na shigowa zai ce da ni, to tambayi Malama. Shekara talatin da ɗaya makullan sito na aljihunsa, ya ce bai taɓa tambayar kowa inda ƙusa guda take ba. Amma Maigida, mai siton, ya yanke: abin da takarda ta ce shi za a ɗauko, babu gardama.

Ranar Asabar haƙorinsa na gaba ya fita yana yanke zaren buhu da shi. Muka share ƙasa kaf ba mu gan shi ba. Yanzu in ya ce sil sai ki ji kamar tukunyar shayi ta tafasa. Tunda ke kika ce duk abin da ke cikin sito dole a san wurinsa, na shigar da haƙorin cikin kaya, tsakiyar 'yan'uwansa sil, tunda shi ma iska yake tarewa.

Ƙorafina guda ne. In na nemi abu, bishiyar tana nan a naɗe, ba ta nuna mini abin da ta kamo. Takarda kawai nake gani. Ni kuma ina son in ga fuskar mutum kafin in yarda da shi.

A gaida Goggo, a ce mata har yanzu ban yi hankali ba amma ana kan hanya.

Ɗan kawunki,
Auta


Lahadi, 8 ga wata

Auta,

Takardarka ta iso, na karanta wa Goggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Muna lafiya, sai dai bayanta da ke damunta in ta daɗe a zaune. Mun yi murna da sauƙin Kawu. Hannunka kuwa ya fi na wasu masu digiri a ofishinmu, sai dai kada ka ji daɗi da yawa.

Ƙorafinka gaskiya ne. Abin da ka nema tana kama shi, tana ma shafa masa launin shuɗi, reshen ne kawai ba ta buɗewa, shi ya sa ba ka gani. Ya kamata ta buɗe uwa da kaka har ta iso kansa, ta gangaro da shi gaban idonka. Sauri ne ya sa na bar shi haka. In na zo bayan wata biyu zan gyara.

Kafin nan ka yarda da takarda. Ga yadda take yi: kowane abu na rubuta mata adireshinsa, kamar ka ce unguwa ta farko, layi na uku, gida na bakwai. Ka ba ta suna, ta duba adireshi, ta ƙirga ta isa. Abu ɗari huɗu da wani abu na gwada ɗaya bayan ɗaya kafin in taho, ko ɗaya bai kuskure ba. In sabon kaya ya zo ka danna Ƙara, zai je ya zauna a ƙarshen reshensa, shi ke nan.

Batun haƙori kuma, ka bar tsohon mutane ya huta da bakinka. Akwai abin da na lura da shi ranar da na zo, zan faɗa maka amma ya tsaya tsakaninmu. Yana nisanta takarda da fuskarsa kafin ya karanta, ƙananan lambobin da ke jikin roba kuwa ban ga ya duba ko sau ɗaya ba, shafa su yake yi da yatsa. Shi ya sa na manyanta lambobin takarda na cire duk wani rubutu. Ka riƙa karanta masa da baki kamar kana yi wa kanka magana, ba sai ya roƙa ba.

Ka gaida Kawu da Inna.

Yayarka


Alhamis, 12 ga wata

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata bayan Goggo ya yi sauƙi. Gida lafiya. Sito ne ba lafiya ba.

Kwana goma da suka wuce wani mai gonar tumatir ya zo daga nesa, shi ne mai saya wa 'yan ƙungiyarsu kayan inji. Ya nemi sil lamba 25, guda goma sha biyu. Ni na rubuta, takarda ta fito, Baba ya ɗauko ya ƙulla masa a leda. Jiya sai ga shi ya dawo da injuna uku a bayan mota, duk sun ƙone. Ashe 24 aka ba shi. Kin san tsakaninsu bai fi kaurin farce ba. Makanikinsu ya matsa ta shiga, ta yi kwana biyu ta tsage, ruwa ya bi ya shiga inda bai kamata ba. Mutumin bai yi zagi ba, da ma ya yi da ya fi mini. Cewa ya yi dashen mutum huɗu ya bushe suna jiran ruwa, kuma shi aka aika, shi ake kallo.

Maigida ya kira mu ofis. Ya tambaye ni me na rubuta, na ce 25, mutumin ma ya shaida ya gani. Sai ya juya kan Baba. Ya tuna masa sau biyu a watan nan ana dawo da sil a canza, ya ce na'ura ba ta makuwa, saura hannun da ya shiga akwati. Na zaci Baba zai tashi da faɗa yadda ya saba. Sai ya sunkuyar da kai yana juya hularsa a gwiwa, ya ce mai yiwuwa akwatin kusa ya buɗe, idonsa ba kamar da ba. A gabana ya faɗa, Yaya, abin da kika ce in rufa masa.

Maigida ya ce ƙarshen wata ya miƙa makullai. Ba kora ba ce wai, hutu ne. Baba ya ce ya gode.

Tun jiya bai ce Malama ba ko sau ɗaya. Na taka masa silifa da gangan don ya zage ni, sai kawai ya gyara ya wuce.

Tambayata, kuma ba tsiya nake yi ba: bishiyar nan taki tana iya yin ƙarya? Na san kin gwada ɗari huɗu. Amma na shekara uku ina kallon mutumin nan yana shiga layin sil ko fitila bai kunna ba, ya fito da abin da aka ce. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Ki ba ni amsa a wannan zuwan na Direba.

Auta


Asabar, 21 ga wata

Yaya,

Gaisuwa. Direba ya je ya dawo hannu rabbana. Na san na taɓa miki aiki, kuma ku masu ilimi ba ku son ɗan allo ya ce allurarku ta karkace. In fushi kike yi, ki ajiye shi gefe tukuna, domin abin da zan faɗa ya fi wancan muni, kuma ba ke ya shafa ba, ni ne.

Da ban ji daga gare ki ba sai na tuna malaminmu. In mutum ya kuskure a hadda ba ya gaya masa inda ya faɗi, sai ya ce koma farko, zo a hankali, harshenka zai nuna maka ramin. Ranar Laraba da azahar, kasuwa ta yi sanyi, Baba yana ciki yana jera kwalaye, sai na buɗe reshen sil da hannuna na bar shi a buɗe, don in ga inda shuɗin nan da kika faɗa yake sauka. Na fara nema daga sama. 18, ya sauka kan 18. 19 daidai. 20, 21, 22, duk lafiya. Har na fara jin kunyar zargin da na yi miki.

Na rubuta 23, wadda tun da na zo sito ba a taɓa saya ba. Shuɗin ya je ya kwanta a kan Haƙorin Baba Sito, guda ɗaya, ya ɓata.

Na rubuta 24, ya kama 23. Na rubuta 25, ya kama 24. Haka har ƙasan reshen, kowa ya hau wurin na gabansa.

Na gaya miki a takardata ta farko na shigar da shi. Da gaske nake. Na danna Ƙara ya je ƙarshe kamar yadda kika ce, sai na ga a can ba zai yi daɗin dariya ba, na kama shi da ɓeran kwamfutar nan na jawo shi sama na cusa tsakanin 22 da 23. Nufina in kira Baba wata rana in nuna masa, sai na manta. Ashe gida na gina a tsakiyar layi, mai ƙirga gidaje ya dinga ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Baba bai buɗe akwatin kusa ba. Inda takarda ta aike shi nan ya je.

Na ɗora yatsa a kan Goge. In na danna, komai zai koma daidai, babu wanda zai sani har abada. Na daɗe a haka har allon ya yi duhu don kansa. Ban danna ba, amma kada ki yaba mini, don ban kuma faɗa wa kowa ba. Kwana uku ke nan ina bin reshe da hannu kamar farkon zuwanta don kada a sake ba wani abin da ba shi ba. Sau biyu na ɗauki waya in kira ki, bakina ya ƙi.

Kin san Baba ne ya kawo ni wurin nan lokacin da duk unguwa aka ce ba mai ɗaukar shu'umi irina. Kin kuma san gidanmu da aikin nan ake ɗora tukunya tun da ƙafar babana ta zaunar da shi. Jiya na ga Baba ya fara kwashe 'yan kayansa daga lungun da yake sallah, buta da darduma da wani tsohon tabarau da bai taɓa sawa a gabanmu ba.

Saura kwana tara. Ki gaya mini abin da zan yi.

Auta


Talata, 24 ga wata

Ƙanena,

Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Ba fushi nake yi ba. Takardunka biyu tare suka iso hannuna jiya. Ta farko ta kwana goma a aljihun ƙofar motar Direba, shi da kansa ya kawo yana ba da haƙuri. Na kira ka sau uku ba ka ɗauka ba, kuma na san dalili.

Ka ce ni abin bai shafa ba. Ya shafe ni fiye da kai. Ka rubuta mini ƙarara cewa ka shigar da haƙori, na karanta na yi dariya na ɗauka zance ne irin naka. Wannan ɗaya. Na biyu, aikin da in an ja abu guda aka matsar sai ya rikice, ba aiki ba ne. Na sa ta gane abu da wurin zamansa, alhali wurin zama yana canzawa. Da ba kai ba, wata rana Maigida da kansa zai ja wani abu don ya gyara jeri, a samu irin wannan. Na uku, ka ce kana son ganin abin da ta kamo, na ce maka ka yarda da takarda. Kuma ni na cire sunan kaya daga takardar, ina ganin taimakon tsoho nake yi.

Ga filashi nan a cikin ambulan, gyaran na ciki, sai ka soka shi a kwamfuta. Yanzu kowane abu yana da lambarsa ta kansa da ba ta canzawa ko an kai shi wane reshe, da ita ake nemansa. In ta same shi za ta buɗe rassan da ke samansa, ta kawo shi tsakiyar allo, ta shafa masa shuɗi, ta jira ka ce e kafin takarda ta fito. Sunansa ma zai fito da manyan baƙaƙe. Matakan sawa suna bayan wannan takarda.

Akwai kuma wasiƙa zuwa ga Maigida. Na gaya masa na'ura ce ta aiki Baba akwatin da ba shi ba, kuma kuskuren ginina ne. Duk gaskiya ne. Ban ambaci haƙori ba. Wannan naka ne, ba zan faɗa a madadinka ba, ba kuma zan ce dole ka faɗa ba, domin na san tukunyar da kake magana. Abu guda nake roƙo: ko me za ka yi, kada Baba ya bar wurin nan yana zaton hannunsa ne.

Yayarka


Litinin, 30 ga wata

Yaya,

Gaisuwa gare ki da Goggo. Muna lafiya. Zan faɗa miki yadda aka yi ba tare da na yi wa kaina kwalliya ba.

Ranar Alhamis na kai wa Maigida wasiƙarki, na yi shiru da nawa. Niyyata ke nan, in laɓe a bayanki. Ya karanta sau biyu ya ajiye. Ya ce 'yar goggonka mutuniyar kirki ce, ta ji tausayin tsoho tana so ta ɗauke masa. Ya ce na'urar da ta yi wata guda tana aika mutane daidai a boris da bel, me zai sa ta haukace a sil kaɗai. Aka kira Baba aka karanta masa. Ya ce a yi miki godiya, amma shi ya san idonsa, kada yarinya ta ɓata sunan aikinta saboda shi.

Ya juya zai fita, sai na ji bakina ya ce su zo su gani. Ban sa filashinki ba tukuna, haƙorin yana nan inda na cusa shi. Na buɗe reshen, na ce Maigida ya rubuta 25 da hannunsa. Shuɗi ya kama 24. Na ce ya rubuta 23. Ya sunkuya ya karanta abin da ya kama, ya ɗago ya dube ni. Baba ya tambaya me aka rubuta, don ba ya gani daga inda yake. Ni na karanta masa, da bakina.

Babu wanda ya yi dariya. Wata guda ina ajiye da wannan wasan, ranar da ya fito ko ni ban ji daɗinsa ba.

Maigida ya yi faɗan da na cancanta, ba sai na rubuta ba. Baba kuwa ya jawo kujera ya zauna, ya daɗe yana kallon allon da ba ya iya karantawa. Can ya ce:

"Ranar nan hannuna ya gaya mini ƙarama ce. Sau uku na juya ta. Sai na ce wa kaina, tsoho, yarinyar nan ta yi karatu, ƙarfe kuma ba ya tsufa, kai ne ka tsufa. Na ƙulla wa mutum na ba shi."

Maigida ne ya sunkuyar da kai wannan karon, don shi ya ce babu gardama da takarda.

Makullai suna nan a aljihun Baba. An yi sharaɗi zai je a duba idonsa, kuma duk abin da takarda ta ce, in hannunsa bai yarda ba, a tsaya a auna. Ni ba a kore ni ba, amma an ɗauke ni daga kwamfuta, ɗan 'yar'uwar Maigida zai zauna a kai. Na sa filashin, na koya masa, tana buɗe rassa yadda kika ce, har na ji haushin daɗinta. Na koma lodi da sauke kaya. Jibi zan bi Direba in kai wa masu tumatir sil ɗinsu da injunan da aka gyara, Maigida ya ce ni zan tsaya gabansu in faɗi yadda aka yi. Babana bai sani ba tukuna. Ki bar ni in gaya masa da kaina kafin Goggo ta riga ni.

Kwana uku Baba bai yi mini magana ba. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Na ba shi haƙuri ya ce ya ji, ya ci gaba da shara.

Yau da safe ina ɗauke da kwalin bel ya ce in ajiye. Ya kai ni layin sil, ya ce in rufe ido in buɗe tafi. Ya sa mini roba ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ya ce wacce ta fi girma. Na shafa, na juya, na ce ta dama. Ya ce duk ɗaya suke, sakarai. Ya karɓe abinsa ya mayar akwati, ya ce gobe in zo kafin a buɗe ƙofa, kuma in yanke farce.

Ki gaida Goggo. Haza wassalam.

Ɗan kawunki mai lodi,
Auta